Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamai Da Masu Tsara Jarrabawa: Sanin Shanu Yaranmu Ke Yi Wa Karatu

Assalamu alaikum.

Malamaina da abokan aikina na aji, da ku manyanmu da kuke zama ku tsara tambayoyin da ake auna ɗalibai da su, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Wata ɗaliba ce ta sa na rubuto muku. Ranar da na raba takardun gwaji, kowa ya watse ita ta tsaya. Ba ta fara da magana ba, littafinta ta buɗe ta ajiye a gabana. Shafin ya sha jan layi, wani da jan biro wani da shuɗi, bakin takardar har ya yi laushi don yawan juyawa. Ta ɗora yatsa a kan sakin layi na biyu ta ce, "Malam, wallahi na karanta. Sau biyar na bi ta wajen nan. Ina ganin tambayar na san na taɓa ganinta, amma da na zo rubutu sai na nemi komai na rasa." Na sake duba takardarta. A sashen da ake zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu ta ci 17 cikin 20. A sashen da aka ce ta yi bayani da kanta, layi biyu ta rubuta alƙalami ya tsaya.

Yarinyar nan ba ƙarya take yi ba, kuma ba raguwa ba ce. Shekaru na yi ina ce wa irinta "je ki ƙara karatu", su kuwa su tafi su ƙara irin karatun da ya jefa su cikin wannan hali, su dawo da sakamako iri ɗaya. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin amanar yaran nan a wuyanmu take, kuma matsalar tana da suna, tana da dalili, an ma daɗe da gano shi.

Sunanta a bakinmu sanin shanu. Ka san fuska, ba ka san mai ita ba. A 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Mandler, ya ba da misalin da har yau ake kwatance da shi a wannan fanni. Ka shiga bas, ka hango wani mutum, nan take zuciyarka ta ce ka san shi. Ba ka ko shakka. Amma daga ina? Sai ka shiga lalube, a wurin aiki ne, a makaranta ne, ko maƙwabci ne, can sai ta faɗo maka: ai mahaucin nan ne, yau dai ka gan shi ba a bakin sana'arsa ba. Tsakanin "na san shi" da "ai wane ne" abubuwa biyu ne suka faru a ƙwaƙwalwarka. Na farko yana zuwa da sauri, babu wahala, kuma ba ya ɗauke da komai sai jin cewa ido ya saba. Na biyu yana tafe a hankali, amma in ya iso da kayansa yake isowa: wuri, lokaci, dalili. Sau da yawa na farko ya zo, na biyu ya ƙi zuwa sam.

Endel Tulving, ɗan asalin Estoniya da ya yi mafi yawan rayuwar aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada, wanda ya rasu a 2023, shi ne a 1985 ya kawo hanyar rarrabe su. Hanyar mai sauƙi ce. A nuna wa mutum jerin kalmomi, daga baya a cakuɗa su da wasu sababbi a ce ya nuna waɗanda ya gani. Duk wadda ya shaida, sai a ƙara masa tambaya ɗaya: tunawa ka yi, ko sani kawai ka yi? Idan ransa ya koma lokacin da ya ga kalmar, ya tuno abin da ta kawo masa a zuciya ko kalmar da ta zo kafin ita, to ya tuna. Idan kuwa ya tabbata tana ciki amma babu abin da ya biyo ta, sani kawai ya yi. Ku duba, a takardar makinmu duka biyun alama ɗaya muke ba su. Wanda ya tuna darasi da hujjarsa da wanda amsar ta yi masa kama da abin da ya taɓa gani, duk maki ɗaya suke tashi da shi, mu kuma mu rubuta a rahoto cewa sun iya.

To me ke sa wani abu ya zauna da kayansa, wani kuma ya bar inuwa kawai? A 1972 Fergus Craik da Robert Lockhart suka ce abin da ke yanke hukunci shi ne zurfin aikin da hankali ya yi a kan abu lokacin da ya gamu da shi. A 1975 Craik da Tulving suka gwada maganar. Kafin a nuna wa mutum kowace kalma sai a yi masa tambaya a kanta, kuma tambayoyin hawa uku ne. A ce da Hausa aka yi, kalmar kuwa "kujera" ce. Wani a tambaye shi, da manyan baƙaƙe aka rubuta ta? Wani a ce, tana amsa amo da "ɓera"? Wani kuma a ce, za ta shiga cikin wannan jimla: "Tsohon ya gaji, ya nemi ... ya zauna"? Na farko siffar rubutu kawai ya kalla, na biyu ya saurari sauti, na uku dole sai ya taɓa ma'ana kafin ya amsa. Da aka zo gwajin shaida kalmomin, waɗanda aka bi ta ma'anarsu sun ninka waɗanda aka kalli baƙaƙensu fiye da sau biyu.

Akwai abu biyu a wannan bincike da nake so kowane malami ya riƙe. An yi zaton ko don tambayar ma'ana ta fi cin lokaci ne. Sai suka ƙirƙiro aiki mai wuya a kan baƙaƙe, na duba yadda baƙi da wasali suka jeru a kalma, wanda ya fi tambayar ma'ana ɗaukar lokaci. Duk da haka kalmomin ma'ana ne suka fi zama. Sannan ko da aka gaya wa mutanen tun farko cewa za a gwada su, bambancin bai gushe ba. Ke nan daɗewa a kan littafi ba ya wadatarwa, niyya ma ita kaɗai ba ta wadatarwa. Ɗalibata tana da lokacin, tana da niyyar. Abin da ba mu koya mata ba shi ne abin da za ta yi da sakin layin nan bayan ta ja masa layi.

A 1988 John Gardiner, a Landan, ya haɗa wannan da tambayar Tulving. Wasu kalmomi aka sa mutane su nemo musu abokan amo, wasu kuma abokan ma'ana. Ribar da zurfin ya kawo duk a amsar "na tuna" ta fito. Yawan amsar "na dai sani" bai wani motsa ba. Bayan shekara biyu, a 1990, shi da Alan Parkin suka juya ga raba hankali, kuma wannan gwajin ne ya fi tsaya mini a rai. Rukuni ɗaya suka karanta kalmomi babu abin da ya dame su. Sauran kuwa suna karatu ana kaɗa musu sautuka a kunne, su riƙa faɗin ko sautin na sama ne, na tsakiya ko na ƙasa, wasu a hankali wasu da sauri. Gwargwadon yadda aikin kunne ya tsananta, gwargwadon yadda "na tuna" ta ragu. "Na dai sani" kuwa tana nan inda take.

Ku tsaya ku auna abin da wannan yake nufi ga yaron da ke zaune a gabanmu. Da a ce raba hankali yana share komai ne, da da sauƙi, domin yaro zai buɗe littafi ya ga baƙon abu ya san bai iya ba, ya tashi tsaye. Amma ba haka yake yi ba. Tunawa yake ɗaukewa ya bar sabon ido, wato jin nan na cewa ido ya saba da abu. Yaro ya buɗe littafi ya ga kowane shafi kamar tsohon abokinsa, zuciyarsa ta ce ai ka san wannan, ya rufe ya kwanta hankalinsa kwance. Ba zai gano an yi masa sata ba sai a zauren jarrabawa, lokacin da babu sauran gyara.

Na san da an ce raba hankali kowa wayar hannu zai nuna, kuma gaskiya ne tana da nata kason. Ba a haɗa gudu da susar katara. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2013, na Faria Sana da abokan aikinta, ya nuna ɗaliban da ke wasu hidimomi a kwamfuta ana cikin lacca sun sami ƙarancin maki, har ma waɗanda ke zaune inda suke hango fuskar kwamfutar, alhali su ba su taɓa komai ba. Amma malamai, mu dubi kanmu ma. Sau nawa muke cika allo da rubutu, mu ce a kwafa, sannan mu fara bayani hannun yara na kan takarda? Yaron da ke kwafa yana aikin baƙaƙe ne, irin na hawan farko a gwajin Craik da Tulving. Idonsa na kan rubutu kada ya tsallake kalma, kunnensa na jin muryarmu kamar ruwan sama a kan kwano. Mu muka raba masa hankali da hannunmu, a daidai lokacin da muke ba shi ma'anar da ya fi buƙata. Haka mai saurin sauya hotunan darasi a majigi yana magana a kan na gaba, yara suna fama da na baya. Minti uku na shiru a gama kwafa, sannan a ajiye alƙalami a saurara, ba asarar lokaci ba ne.

Akwai abin da ya fi mantuwa haɗari. A 1989 Larry Jacoby da abokan aikinsa suka ba mutane jerin sunaye su karanta, suka kuma gaya musu ƙarara cewa babu shahararre ko ɗaya a ciki. Wasu sun karanta da cikakken hankali. Wasu kuwa suna karantawa suna sauraron lambobi, suna farautar inda lambobin da ba sa rabuwa gida biyu daidai suka zo guda uku a jere. Daga baya aka kawo sabon jeri mai ɗauke da shahararrun mutane, da sababbin sunaye, da waɗancan tsofaffin, aka ce a nuna shahararru. Waɗanda aka raba wa hankali sai suka riƙa ɗaukar tsofaffin sunayen nan a matsayin na shahararru. Sunan ya yi musu kama da sananne, sun kasa tuno inda suka gan shi, sai ƙwaƙwalwa ta ƙirƙiro wa sabon idon dalili. Masu cikakken hankali kuwa suna ganin sunan sai su tuno daga jerin ɗazu yake, su tsallake shi.

Wannan kullum yana faruwa a ajinmu. Malami ya rubuta kuskuren da aka saba yi a allo, ya ce ku kiyayi wannan, ba daidai ba ne. Yaron da rabin hankalinsa ke waje ya ɗauki jimlar ya bar gargaɗin. Ranar jarrabawa ya ga jimlar nan cikin zaɓi huɗu, ita ce ta fi yi masa kama da abin da ya taɓa gani a allo da rubutun malaminsa, ya zaɓe ta da ƙarfin zuciya. Sabon ido ba ya gaya wa mutum ko abin da ya gani gaskiya ne ko kuskure, iyakarsa ya ce an taɓa gani.

Maimaitawa fa, wadda muka fi dogara da ita? Gardiner da wasu abokan aikinsa biyu sun duba wannan a 1994. Nanata kalma a baki ba tare da tunani a kanta ba ya ƙara "na dai sani". Juya ta a zuciya da ƙulla ta da wasu abubuwa shi ya ƙara "na tuna". Karatun ɗalibata sau biyar "na dai sani" ya yi ta ƙara mata. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu. Rukuni ɗaya suka yi ta karanta shi a zama huɗu. Wani rukuni suka karanta a zama ɗaya, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako ɗaya kuwa sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, masu rufe takarda sun riƙe kashi 61. Kuma masu maimaitawar ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna.

Yanzu gare ku, manyanmu masu tsara tambayoyi. A 1977 Morris da Bransford da Franks suka nuna cewa zurfin ma ba ya cin nasara a kowane irin gwaji. Idan gwajin na amo ne, wanda ya yi karatun amo shi ke wucewa gaba. Ma'ana, karatun da ya dace da siffar jarrabawa shi ke biya. Yara kuwa ba wawaye ba ne, suna lura da abin da ke kawo maki. In shekara da shekaru tambayarku amsa ɗaya ce da aka ɗauko kalma da kalma daga littafi, aka jera ta da wasu uku da ba a taɓa ji ba, to kun sanar da su cewa sanin shanu ya isa, za su kuma yi muku shi. Duk abin da muka faɗa a aji game da fahimta, takardarku ce ke da magana ta ƙarshe.

Ba cewa nake yi a soke tambayoyin zaɓi ba. Na san yawan ɗalibai, na san wahalar maki, na san adalcin da ke cikin amsar da ba ta dogara da ra'ayin mai dubawa ba. Roƙona shi ne a gina su yadda sabon ido ba zai yi aiki ba. Duk zaɓin huɗu su zama daga cikin manhaja, kowanne yaro ya taɓa ganinsa, kowanne gaskiya ne a wani wurin, ta yadda sai wanda ya tuna wanne ke tafiya da wanne zai fita. Amsar daidai a sauya mata kalmomi, kada ta zo da rigar da ta sa a littafi. A kawo misalin da ba a taɓa bayarwa a aji ba a ce a yi aiki da ƙa'idar a kansa. Kuma ko da a tambaya biyar cikin hamsin ne, a bar layi biyu a ƙasa a ce: faɗi dalilinka.

Kada a fahimce ni cewa duk "na dai sani" aibi ce. Wa ke tuna ranar da ya koyi bakwai sau takwas hamsin da shida ne? Martin Conway da Gardiner da wasu sun bi ɗaliban jami'a a Ingila, suka wallafa a 1997 cewa a darussan lacca waɗanda suka fi ƙoƙari da farko "na tuna" suka fi cewa, amma da aka sake gwada su bayan wani lokaci amsoshinsu sun koma "na sani". Ilimi in ya nuna yakan saki ranar da aka same shi ya zama na mutum. Sai dai wannan sanin na gwani daban yake da na ɗalibata. Gwani in ka ce ya yi bayani zai yi, in ka juya tambayar zai bi ka. A wannan binciken ma an ware "na sani" daban da "ya dai yi mini kama da sananne", an kuma ware canki-canka. Masana na ta muhawara ko tunawa da sabon ido hanyoyi biyu ne ko ƙarfi da raunin abu ɗaya, kamar yadda Wayne Donaldson ya kawo a 1996. Andrew Yonelinas kuma, da ya tattara binciken fannin a 2002, ya nuna zurfi da raba hankali suna taɓa sabon ido ma, sai dai tunawa suka fi taɓawa. Duk ɓangaren da mutum ya bi, abin da ya shafi aji bai sauya ba: ma'ana da cikakken hankali su ke samar da irin riƙon da yaro zai iya buɗe baki ya yi bayaninsa.

Abokan aikina, akwai abin da za mu iya farawa ba sai mun jira izinin kowa ba. A gwajin aji, a gefen kowace amsa yaro ya sa alama: na tuna, na sani, ya yi mini kama, ko cankar ta na yi. Kada a ba alamar maki, don kada ya ji tsoron faɗin gaskiya. Idan aka raba takardu ya ƙirga da kansa amsa nawa ya ci a kowane rukuni. Yaron da ya ga goma daga cikin makinsa a "ya yi mini kama" suka fito ya sami labarin da jimillar maki ba za ta taɓa ba shi ba, malaminsa ma haka. Kuma kafin mu tashi daga darasi, maimakon "kun gane?" da kowa zai amsa da e, a rufe littattafai a tambaya: me ya sa haka ta faru, da me ya yi kama a darasin makon jiya, in aka cire wannan sharaɗi me zai biyo baya?

Ranar nan na ce wa ɗalibata ta rufe littafin ta gaya mini abin da sakin layin ke cewa da kalmominta. Ta yi jimla ɗaya ta tsaya. Ta kai hannu za ta buɗe, na ce ta dakata tukuna, ta gaya mini me take ganin ya kamata ya biyo baya, kuma don me. Ta yi shiru mai tsawo, idonta a ƙasa, sannan ta kawo wani abu rabinsa daidai. Da ta buɗe ta ga inda ta kauce sai ta ce, "Au, ashe abin da ake nufi ke nan." Sau biyar ta bi ta kan layin nan, ranar ce ta fara tambayarsa wani abu. Minti goma abin ya ɗauke mu, kuma akwai irinta da yawa a kowane aji da ba sa tsayawa bayan an watse.

Ina roƙon ku, manyanmu, idan kun zauna tsara takarda ta gaba, ku ɗauki kowace tambaya ku duba ko wanda ya yi wa littafi kallo sau biyar rabin hankalinsa na wani wuri zai iya cinta. In zai iya, a sake mata gini kafin ta iso hannun yara.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin aji.